Ƙaramin Injin Dizal Na 1.5 dCi: Yana Tara Maka Kuɗi In Ba Ka Yi Masa Rowa Ba

Saura kwana tara Ƙaramar Sallah na taso daga Kwatano bayan sahur, na cika Kangoo ɗina da atamfa da shadda zan kai wa abokan ciniki a Parakou. A Bohicon na ga allurar mai ta yi ƙasa. Ga gidan mai a gabana, amma sai idona ya kai kan wani mai jarkoki a bakin titi, masu sayar da irin man nan da mutanen ƙasar ke kira kpayo. Na tambayi gazuwal, ya faɗi kuɗin da bai kai na famfo ba, na ce ya zuba lita ashirin. Ba ranar na fara ba, na fi shekara ina yin haka, ina ganin kaina mai wayo.

Mun ɗan wuce Savè kenan mota ta fara shaƙewa. In taka totur ba ta amsawa, fitila ta kama a allon gabana, can sai ta yi tsit. Janta aka yi zuwa Parakou. Bakaniken da na samu, wani ɗan'uwanmu Bahaushe da ya daɗe a garin, ya kwance filtar mai, ya tsiyaye abin da ke ciki a farin kwano, ya ɗaga wa rana. Sai ga wani abu yana ƙyalli a ƙasan kwanon kamar garin kwalli.

Ya ce, "Alhaji, wannan fa ba ƙasa ba ce. Famfonka ne yake cin kansa. Me kake zuba mata?"

Na yi shiru, don na san amsar. Sai da aka canza famfo da nozul huɗu, aka sauke tanki aka wanke, aka wanke duk bututun mai. Kayan suka zo daga Kwatano bayan kwana shida, kasuwar Sallah ta wuce ni, kuɗin makarantar yara na zangon nan kuwa da bashi aka biya. Abin da na rage a wajen masu jarka a shekara guda bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a makon nan ba. Garin neman gira na rasa ido.

Tun daga ranar na ce sai na san wannan inji kamar yadda na san yadi. Abin da na koya a bakin makanikai, da littafin motar, da kuma aljihuna, shi ne zan zayyana wa 'yan'uwa, don na ga da yawanmu a Kwatano da Lome da Yamai da Duwala irin motocin nan muke hawa.

Wane inji ne wannan?

Kamfanin Renault na Faransa ne ya fito da shi a shekarar 2001. A bayan mota za ka ga an rubuta 1.5 dCi, amma sunansa a wajen masu gyara da masu sayar da kayan gyara K9K. Girmansa cc 1,461, silinda huɗu, bawul takwas. Gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa kuma alminiyum. Ƙarfinsa ya danganta da samfuri: akwai mai doki 65, akwai mai 85, mai 90, mai 105 ko 110, har zuwa 115 a na baya-bayan nan. An riƙa ƙera shi a Sifaniya da Turkiyya da Indiya, kuma an ƙera sama da miliyan goma.

Shi ya sa yake ko'ina. Yana cikin Clio da Kangoo da Mégane da Scénic. Yana cikin Dacia Logan da Sandero da Duster, da Dokker da Lodgy waɗanda aka riƙa haɗawa a Tanja ta ƙasar Maroko tun 2012. Yana cikin Nissan Micra da Note da Qashqai da NV200. Har Mercedes ta ɗauke shi ta sa a Citan da wasu ƙananan motocinta, ta sauya masa suna zuwa OM607. Amfanin wannan a wajenmu shi ne kayan gyara ba sa wuyar samu, sabo ko na hannu.

Sai dai a kula: ba duk K9K ne ɗaya ba. Bayan waɗannan haruffa akwai lamba uku a jikin injin, su ne ke nuna samfurinsa. Wasu na'urar feshin mansu ta Delphi ce, wasu ta Siemens, wasu ta Bosch, kuma nozul ɗin wannan ba ya hawa kan wancan. Ka rubuta lambar nan ka ajiye a waya. Duk ranar da za ka aika a sayo maka wani abu daga nesa, ita za ka fara faɗa.

Me ya sa muke son sa? Ba ya shan mai. Ni dai Kangoo ɗina da kaya daidai gwargwado tana cin lita biyar da rabi zuwa shida a kilomita ɗari. Kwatano zuwa Parakou ya ɗan haura kilomita 400, ka ga lita ashirin da biyar ta kai ni. Motar fetur da na riƙe kafin ita sai ta sha fiye da talatin da biyar a hanya guda. Mai zirga-zirga duk mako ya san abin da wannan ke nufi a ƙarshen shekara. Ga shi kuma yana ja da ƙarfi tun inji bai ɗau zafin gudu ba, wanda shi mai kaya ke bukata.

To amma an gina shi ne don ƙasashen da mansu yake a tace, hanyoyinsu ba ƙura, kuma ana yi wa mota sabis a kan lokaci. Mu kuwa mun kawo shi inda duka ukun sai an yi da gaske. Nan gizo ke saƙa.

Man da kake zubawa

Tsohon injin dizal, irin na 504 da manyan motocin da muka taso muka gani, kusan duk abin da ka zuba masa zai haɗiye. Wannan ba haka yake ba. Famfonsa yana matsa mai da ƙarfin bar 1,400 zuwa 1,600 a yawancin samfurori. Tayar motarka bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, sai ka kwatanta. Kafofin da man ke fita a bakin nozul kuwa kaurinsu bai wuce na silin gashi ɗaya ko biyu ba.

Abu na biyu, wanda ban sani ba sai da na ji a jikina: ba wani man shafawa da ke shiga cikin famfon nan. Gazuwal ɗin da kansa ne ke sa masa santsi. In an gauraya shi da kananzir ko fetur, santsin ya ragu. In akwai ruwa, tsatsa ta shiga. Ƙarfe ya fara gogar ƙarfe, garinsa ya bi mai ya shiga nozul, ya koma tanki, ya sake zagayowa. Shi ya sa in abin ya faru ba a canza abu ɗaya a tsira; wanda ya sa sabon nozul bai wanke tanki ba, bayan 'yan makonni zai koma gidan jiya. An fi jin wannan matsala a samfuran farko-farko, amma babu samfurin da ke jure gurɓataccen mai.

Ko man gidan mai ma akwai magana a kansa. Akwai farar wuta a cikin gazuwal. A Tarayyar Turai tun 2009 doka ba ta yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin da Gana da Mali, ta samu wani da farar wutarsa ta ninka ta Turai sau 378. Gana ta rage nata zuwa kashi 50 a 2017, sannan a 2020 ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO, suka amince kowa ya koma 50. An samu ci gaba, amma man jarka ba wanda ya san dokar da ya bi. Farar wuta in ta ƙone tana zama tsami a cikin man juye, ta kashe shi da wuri, ta kuma ƙara toshe hanyoyin hayaƙi.

Dokokina a yanzu huɗu ne. Ina shan mai a gidan mai mai yawan ciniki, inda man ba ya kwana da yawa a ƙasa. Ba na barin tanki ya yi ƙasa da kwata. Ina canza filtar mai duk juye biyu, kuma ba na sayen filta mai araha wadda ba a san asalinta ba. Akwai sabuwa guda kullum a ƙarƙashin kujera. In kuma aka yi kuskure aka zuba fetur, kar a ko murɗa makulli, a tura motar gefe a zuƙe tankin.

Ƙarin bayani kan nozul: da yawansu suna da lamba a jiki wadda dole a shigar wa kwamfutar mota in an canza. Bakaniken da ya ɗaura ya ce maka shi kenan ba tare da ya jona na'ura ba, aikinsa bai ƙare ba.

Man juye, metal da turbo

Injin nan kusan lita huɗu da rabi kacal yake ɗauka na man juye. Ɗan wannan man shi ke yi wa komai hidima, har da turbo. A Turai littafin wasu samfurori ya ba da kilomita 20,000, wasu har 30,000 kafin juye. Kar wannan ya ruɗe ka. Shi kansa littafin ya ce inda ake ƙura, ko yawan tsayuwa a cunkoso, ko ɗaukar kaya, a rage tazarar. Wannan ai mu ake nufi. Ni ina juye a kilomita 7,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta. Wanda ya kai 10,000 kar ya wuce.

Irin man ma da muhimmanci. Renault tana da lambobinta da ake bugawa a jikin galan: RN0710 ga injin da ba shi da matatar hayaƙi, RN0720 ga mai ita. Man da ake aunawa a kwalba daga duro, wanda ba ka ga an ɓalle murfinsa a gabanka ba, ka bar wa masu injin markaɗe.

Me ke faruwa in an yi sakaci? Akwai wasu siraran ɓawo tsakanin kwanrod da karanshaf, makanikanmu suna ce musu metal, na ƙasashen Faransanci suna cewa kusine. Su ne suka yi ƙaurin suna a wannan inji, musamman na shekarun 2000. In mai ya tsufa ko ya yi ƙasa, sai su cinye. Alamar farko ƙara ce daga ƙasan inji, ƙwas-ƙwas, tana ƙaruwa in ka taka totur. Ka ji wannan, ko ka ga jar fitilar mai ta kama, ka kashe nan take, ko da gida saura kilomita biyu. Wanda ya ce bari in lallaɓa, kwanrod na iya fasa jikin injin ya fito. Makanikai da dama suna ba da shawarar in ka sayi tsohuwar mota da ta yi tafiya mai yawa, a sauke kaskon mai a duba metal ɗin, a canza su tun ba su yi kuka ba. Ni na yi, kuma kuɗinsu bai kai na taya biyu ba.

Shi turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, ya tura iska cikin inji, shi ya sa ƙaramin inji ke aikin babba. Yana juyi sama da dubu ɗari da hamsin a minti, a cikin tsananin zafi, kuma man juye ne kawai ke tsakaninsa da ƙonewa. Da safe in ka tayar, ba shi kamar rabin minti, sannan ka tafi a hankali har inji ya ɗumama. In ka taho daga doguwar tafiya, kar ka kashe da tsayawarka. Bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye. Shuɗin hayaƙi, ko kuka kamar jiniya, ko mai yana raguwa ba ka ga yoyo ba, duk turbo ne ke sallama.

Akwai abu ɗaya da nake so kowane direba da yaron mota su sani, don rai ne a ciki. In turbo ya lalace sosai yana iya tura man juye cikin inji, inji ya kama shan sa a madadin gazuwal. Sai ka ji ya ɗau ihu shi kaɗai, farin hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli bai mutu ba. Abin yi: taka birki da ƙarfi, ja birkin hannu, sa giya mafi girma, ka saki kuloci. Zai shaƙe ya mutu. In bai yiwu ba, a fitar da kowa a yi nesa da motar.

Bel ɗin taimin

Wannan inji bel yake amfani da shi, ba sarƙa ba. Bel ɗin ne ke haɗa juyin sama da na ƙasa, shi ne kuma ke juya famfon mai da famfon ruwa. Ranar da ya tsinke fistan zai daki bawul, kan inji ya tashi aiki. Ba ya gargaɗi. Ga samfurori da dama littafi ya ce kilomita 120,000 ko shekara biyar, na baya sun ɗan fi haka. Da zafinmu da ƙurarmu ni ba na wuce 80,000 ko shekara huɗu. Duk motar da ka saya, ka ɗauka ba a taɓa canza shi ba, ka canza a makon farko tare da tayoyinsa da famfon ruwa. Ka canza bel na waje mai juya alternato shi ma, don in ya yage zarensa na iya shiga ya sa na ciki ya yi tsalle. Aikin nan yana da fil na musamman da ake kulle inji da shi. Bakaniken da ya ce zai yi da alamar fenti da ido, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Iska, ruwa da hayaƙi

Lokacin hunturu, da ƙurar nan da ke sauka tun daga Malanville har bakin teku, filtar iska tana cika da wuri. A duba ta duk juye, a canza in ta yi nauyi. Busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta cinye fukafukan turbo.

A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na galan, ba ruwan rijiya ba, don kan alminiyum ba ya jure tsatsa da zafi. Kuma kar ka yarda a cire maka tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai, yana tara baƙi a ciki.

Akwai wani bawul da ake kira EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Yawon cikin gari yana sa ya toshe da baƙi, mota ta rasa ƙarfi, ta yi baƙin hayaƙi. Sau da yawa wankewa kawai yake so. Motocin da aka yi daga wajen 2010 zuwa sama kuma yawanci suna da matatar hayaƙi a salansa, Faransawa na ce mata FAP. Ita sai an yi doguwar tafiya da gudu daidai take ƙone abin da ta tara. In harkarka duk tsakanin gida da Dantokpa ce, a cikin cunkoso, gaskiya motar fetur ta fi maka kwanciyar hankali. In ka ga man juye yana ƙaruwa maimakon raguwa, gazuwal ne ke gangarawa cikinsa, a juye da wuri a nemi dalili.

Sai lodi. Kangoo ta kaya, gwargwadon samfuri, kilo 500 zuwa 800 aka yi ta ta ɗauka, har da kai direba. Buhu goma sha biyu masu kilo hamsin sun kai 600. Mu kuwa sai mu ɗora ashirin, mu ƙara a kan rufi, mu sa giya babba a kan tudu inji yana nishi. Wannan nishin metal da kuloci ne ke biyan kuɗinsa.

In za ka saya

Ko a filayen motoci na Sèkandji ne, ko a Lome, ko a hannun wani, ka je da sassafe ka ce kar a tayar kafin ka zo. Injin lafiya yana tashi bugu ɗaya da sanyinsa, ba rawa, ba farin hayaƙi mai daɗewa. Ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, da na'urar da ake jonawa ta karanta kwamfuta. A tsiyayi ɗan mai daga filta a farin kwano a duba a rana, kamar yadda aka yi mini. A cire bututun iska na turbo a ga ko mai ya yi yawa a ciki. Kar ka gaskata lambar kilomita da ke allo. Dubi sitiyari da feda da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Kuma kar ka kashe duk kuɗinka a saye. Ware na bel, da man juye, da filtoci duka, da duba metal, ka lissafa su cikin kuɗin motar tun farko.

Littafin mota

Da na dawo daga Parakou a waccan shekarar, uwargida ba ta yi mini faɗa ba. Sai da aka kwana biyu ta ce, "Alhaji, kowane yadi da ya fita shago kana rubutawa. Motar da ke ɗaukar yadin fa, wa ke rubuta nata?"

Washegari ta sayo ƙaramin littafi ta ba babbar 'yarmu. Yanzu duk juye, duk filta, duk inda na sha mai, da kwanan wata da kilomita, yana ciki. Duk tafiya kuma ana cire wani abu daga riba a sa a asusun mota, kafin a yi maganar cefane. Yarinyar nan ba ta da sassauci. In na shigo sai ta leƙa allo ta ce, "Baba, saura kilomita ɗari uku juye, kuma ka ce jibi za ka Parakou." Ba a fafe gora ranar tafiya, dole in wuce gareji.

Shekara shida kenan, injin bai sake kwana a hanya ba. Har yanzu in na zo Bohicon masu jarka suna ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga musu, in wuce gidan mai. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema.